Uwar Zaren Tsamiya: Danginta da Kamannin Fukafukanta

Ran nan, wajen darasin halittu, aka shimfiɗa mana wata tsohuwar riga bisa tebur, mai aikin aska takwas, aka tambaye mu da wane irin zare aka yi aikin. Duk muka amsa baki ɗaya, muka ce tsamiya ce. Aka sāke tambayarmu, to, ina a ke samun tsamiya? Nan fa aka yi tsit. Waɗansu suka ce a jikin itacen tsamiya ta ke fita, kamar yadda audugar rimi ke fita a jikin rimi. Waɗansu suka ce sun ji an ce wata tsutsa ce ke saƙa ta. Amma da aka ce wanda ya taɓa ganin abin da tsutsar nan ke zama in ta girma ya ɗaga hannu, ko mutum ɗaya ba a samu ba. Har wani tsohon maɗinki da muka je muka tambaya a kasuwa, wanda ya yi furfura cikin aikin riga, ya ce shi dai zare ya sani, bai taɓa sa uwar zaren a ido ba.

Abin ya ba mu kunya, gama mu ne gobe za mu tsaya gaban yara mu koya musu abin da ke cikin ƙasarsu. Saboda haka da ɗayanmu ya komo daga hutu, ya zo mana da gidan tsutsar guda, wanda ya ɓamɓaro a wani kurmin doka. Muka sa shi cikin akwati, muka rufe bakin da tsumman gidan sauro, muka yi ta jira. Abin da ya fito daga ciki, da abin da muka binciko game da danginsa, shi ne mu ke so mu bayyana a nan.

Malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta

Da farko ya kamata mu san ko wace irin halitta ce. Ƙwaron da tsutsar tsamiya ke rikiɗa ta zama, faɗa-wuta ne, watau irin waɗannan masu kewaya fitila da dare. Shi da malam-buɗe-littafi rukuni ɗaya su ke, masana suna kiran rukunin Lepidoptera. Kalmar daga harshen Girka ta ke, ma'anarta mai ɓawo a fiffike. Duk wanda ya taɓa kama ɗaya daga cikinsu ya san wata ƙura mai laushi da ke maƙalewa a yatsa. In an duba ƙurar nan da madubi mai ƙara girman abu, sai a ga ashe ƙananan ɓawo ne, jere bisa juna kamar na kifi. Launin fiffiken duka a cikinsu ya ke. In aka goge su sarai, abin da zai rage fata ce siririya, a kan ga haske ta cikinta. Irin ƙwarin da ke cikin rukunin nan, waɗanda aka riga aka raɗa wa suna, sun fi 150,000, mafi yawansu kuwa faɗa-wuta ne.

Akwai alamu uku da yaro ma zai iya rarrabe su da su. Ta fari, malam-buɗe-littafi da rana ya ke yawo, faɗa-wuta kuwa galibi da dare. Ta biyu, ƙahonin malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙulu a kai kamar kulki, na faɗa-wuta kuwa ko dai sirara ne kamar zare, ko kuwa masu haƙora gefe da gefe kamar gashin tsuntsu. Ta uku, in malam-buɗe-littafi ya sauka ya kan haɗa fukafukansa sama, ya buɗe, ya rufe, abin da ya jawo masa sunansa ke nan. Faɗa-wuta da yawa kuwa su kan kwantar da nasu bisa baya, kamar an kifa buɗaɗɗen littafi a ƙasa. Ko wace alama cikin ukun nan akwai masu saɓa mata, amma in sun taru a kan ƙwaro guda da wuya a yi kuskure.

Yadda masana suka jera su

Wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, shi ya kafa hanyar da a ke bi wajen raɗa wa dabbobi suna, cikin littafinsa da aka buga a 1758. Ko wane iri sunansa biyu, da harshen Latin. Na fari sunan gida ne, na biyu sunan irin kansa, kamar yadda a ke kiran mutum da sunan gidansu da nasa. Gidaje masu asali ɗaya a kan tara su cikin reshe, rassa cikin dangi, dangogi cikin babban dangi, su kuma cikin rukuni. Ga yadda uwar tsamiyar doka ta ke cikin jerin:

Rukuni: Lepidoptera
Babban dangi: Noctuoidea
Dangi: Notodontidae
Reshe: Thaumetopoeinae
Gida: Epanaphe
Iri: Epanaphe moloneyi

Kada tsawon sunayen ya firgita mu, ko wane ɗaya da abin da ya ke faɗi. 'Yan babban dangin Noctuoidea an san su da kunne a ƙarshen ƙirji, wata 'yar fata a miƙe kamar ta kalangu, wadda su ke jin kukan jemage da ita, su kauce kafin ya cafke su. Sunan Notodontidae ma'anarsa haƙori a baya, domin da yawa daga cikinsu suna da ɗan tukku a gefen fiffike, wanda ke tsayawa bisa bayansu in sun sauka. Dangin nan iri ya fi 3,000.

Reshen Thaumetopoeinae kuwa an san shi da halin tsutsotsinsa. Gizaka ce mai gashi, ba ta zama ita kaɗai, taro a ke ci, taro a ke kwana, in za su tafi kiwo sai su jeru ɗaya bayan ɗaya kamar ayari, ko wace tana bin sawun ta gabanta. Akwai 'yar'uwarsu a Turai mai cin ganyen wani itace da a ke yin katako da shi. A 1896 wani Bafaranshe mai suna Fabre ya sa ayarinsu ya haɗe kai da wutsiya a bakin wata tukunyar shuka, suka yi ta kewaya bakin tukunyar har kwana bakwai, ko wace tana bin wata. Dā masana sun ɗauki reshen nan dangi ne mai zaman kansa. Daga baya, da aka ƙara bincike, aka mai da shi ƙarƙashin Notodontidae. Wannan ya nuna mana jerin nan ba a kan dutse aka rubuta shi ba, gyara shi a ke yi gwargwadon ƙaruwar sani.

Mu lura kuma da abu guda. Tsutsar siliki ta ƙasar Sin, wadda a ke kiwo da ganye cikin ɗaki, Bombyx mori, danginta dabam ne, nesa ƙwarai da tamu. Sana'a ce ta haɗa su, ba jini ba.

Abin da ya fito cikin akwati

Da damina ta kama, wata rana da maraice, muka iske ƙwaro na fari ya fito yana rarrafe a jikin tsumma. Da ganinsa sai muka zaci nakasasshe ne, gama fukafukansa a cukurkuɗe su ke, 'yan ƙanana, kamar jiƙaƙƙen ƙyalle da aka matse. Ya sami wuri ya rataye, muna kallo fukafukan suka riƙa miƙewa sannu sannu, har suka baje. Dalili kuwa, jijiyoyin da ke cikin fiffike rami gare su kamar tsinken gamba mai huji. Ƙwaron ya kan tura ruwan jikinsa cikinsu, su buɗe fiffiken, sa'an nan su bushe su ƙandare, su zama kamar tankar jinka da ke riƙe da baibaya. In wurin da ya fito ya ƙuntata, fiffiken ya bushe a lanƙwashe, shi ke nan, ba zai taɓa tashi ba.

Fukafukansa huɗu ne, biyu gaba, biyu baya. Na gaba fari ne, amma ba fari fat ba, farin kindirmo. Gefensa na gaba, tun daga kafaɗa har ƙarshe, an bi shi da baƙin layi mai kauri. An kuma gicciye shi da baƙar ɗamara guda, kaɗan gaba da tsakiya, daga gefen gaba zuwa gefen baya, ba ta yanke ba. Bakin fiffiken na waje an dāje shi da siririn baƙi, daga nan kuma jijiyoyi baƙaƙe suka taso jere suka nufi ɗamarar. Mu da muka yi karatun allo, abin da ya faɗo mana a rai shi ne zayyana, wadda aka ja da alƙalami da tawada bisa allon da aka shafe da farar ƙasa. Fiffiken baya ba shi da zane, fari ne duka, sai geza mai duhu a baki. Kai da ciki ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya, ƙahoni kuwa baƙaƙe, masu haƙora gefe biyu. Da muka baje na namiji muka auna, daga ƙarshen wannan fiffike zuwa ƙarshen wancan wajen inci ɗaya da rabi ne. Mace ta fi girma, cikinta ya fi kauri, a ƙarshensa kuma akwai curin gashi wanda ta ke rufe ƙwanta da shi in ta saka.

Muka sa musu ruwan sukari cikin murfin kwalba, ba wanda ya kula shi. Ashe ba su da bakin tsotso mai aiki irin na malam-buɗe-littafi. Abin da suka ci tun suna tsutsa shi ne guzurinsu, kwanakinsu kaɗan ne, aikinsu kawai su haɗu su sa ƙwai. Ga dalilin da ya sa maɗinki bai san su ba: tsutsa ta kan yi makonni tana ci a fili, gidanta ya kan yi watanni a maƙale, amma mai fiffiken da dare ta ke fita, ba ta kuwa daɗewa.

Kamannin nan sun dace da na irin da wani Bature, Herbert Druce, ya siffanta a 1887. Ya raɗa masa sunan Alfred Moloney, wanda ya aiko da shi daga Gambiya, wanda kuma ya yi Gwamnan Ikko daga 1886 zuwa 1891. Druce ya sa shi cikin gidan Anaphe. A 1904 wani masani na Suwidin, Aurivillius, ya kafa gidan Epanaphe, nan ne kuwa a ke lissafa shi yanzu. Saboda haka in mun ga Anaphe moloneyi cikin tsohon littafi, kada mu zaci wani ƙwaro ne dabam. Wata 'yar gidan, mai cin ganyen tsamiya, wani Bafaranshe, Joseph de Joannis, ya raɗa mata suna vuilleti a 1907. Itacen da irinta ke ci shi ya ba zaren sunansa a bakin Hausawa.

'Yan'uwanta na gidan Anaphe

Francis Walker, wanda ya yi aikin jera ƙwarin gidan ajiyar kayan tarihi na Landan, shi ya kafa gidan Anaphe a 1855. Duk 'yan gidan a Afirka su ke. Farin fiffikensu ɗaya ne da na tamu, sai dai tawadarsu ruwan ƙasa ce mai ja-ja, ba baƙa ba. Iri uku sun isa mu sani.

Anaphe panda, wadda Boisduval na Faransa ya siffanta a 1847. An kewaye fiffikenta na gaba da ruwan ƙasa. Ɗamara biyu sun gicciye shi, suna nesa da juna a gefen gaba, suna matsowa kusa a gefen baya, sa'an nan gajerun layuka biyu sun tashi daga ta waje zuwa bakin fiffike.

Anaphe reticulata, ta Walker, 1855. Sunan ma'anarsa mai raga. Zanenta ya yi kama da na panda, amma layukan tsaye sun zarce har wajen kafaɗa, suka sarƙe da na gicciye, fiffiken ya rabu gida gida kamar komar masunta.

Anaphe venata, wadda Butler ya siffanta a 1878 daga Kalaba. Sunan ma'anarsa mai jijiya, gama ban da gefe da ɗamara guda a tsakiya, jijiyoyin fiffiken duka an bi su da ruwan ƙasa.

To, in muka riƙe tambaya uku, za mu iya rarrabe su: zanen baƙi ne ko ruwan ƙasa? Ɗamara nawa ce ta gicciye fiffike? Jijiyoyi sun fito da launi ko ba su fito ba?

Gidajensu ma sun bambanta. Tsutsotsin panda su kan taru da yawa su saƙa babbar jaka mai kauri, ruwan ƙasa, kāna ko wace ta saƙa ɗan ɗakinta a ciki. Na moloneyi kuwa 'yan ɗakuna ne manne da juna a baje, zarensu ya fi haske.

Kama da wane ba ta wane

Kada mu ɗauka fiffike shi kaɗai ya isa hujja ko yaushe. A 1885 Lord Walsingham ya ga waɗansu da zanensu ya ɗan saɓa da na panda, ya ce sabon iri ne, ya kira shi Anaphe infracta. Sunan ya bazu cikin littattafan da suka yi maganar silikin Nijeriya. Masanan baya suka gwada da yawa daga wurare dabam dabam, suka ga iri ɗaya ne, aka komar da infracta ƙarƙashin panda, domin ƙa'ida ita ce sunan da ya riga shi ke tsayawa. Kaurin layi da duhunsa su kan sāke tsakanin 'yan uwa ɗaya, kamar yadda 'ya'yan mutum guda ba su zama launi ɗaya. Wani lokaci kuma iri biyu dabam su yi kama har ido ya kāsa raba su. Saboda haka masana ba su tsayawa ga zane. Su kan goge ɓawo su duba yadda jijiyoyi suka rarrabu, su kan duba gaɓoɓin haihuwa da madubi, a zamanin nan kuma suna gwada ƙwayoyin gādo da ke cikin jikin ƙwaron. Zanen fiffike shi ne ƙofar shiga, mu kuwa da ba mu da kayan aiki, ita ce a buɗe gare mu.

Amfanin sanin suna

Mai karatu ya yiwu ya ce, mene ne ribar wannan wahala, tun da zare dai zare ne? Ga amsa biyu.

Ta fari ta shafi sana'a. Zaren tsutsar Sin ɗaya ne dogo, a kan kashe ƙwaron da zafi tun yana ciki, a warware zaren bai tsinke ba. Namu a sarƙe ya ke, ba ya warwaruwa. Dafa shi a ke yi da ruwan toka har danƙon da ya manne shi ya narke, a wanke, a shanya, a sāɓe, sa'an nan mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Mai ruwan ƙasa shi Yarabawa ke saƙa tufar da su ke kira sanyan da shi, mai haske kuwa shi masu aikin riga suka fi so. Tun da kaɗi a ke yi, hujin da ƙwaro ya yi wajen fita bai ɓata kome ba. Ashe ba dalilin ɗebe gida tun masu shi suna ciki. Wanda ya dafa gida da 'ya'yansa ya dafa zaren baɗi. Wanda kuma ya san wace iri ke cin wane itace, ya san in an sare kurmin doka don itacen wuta ko gawayi, ba inuwa kaɗai aka rasa ba.

Ta biyu ta shafi rai. A ƙasar Ijesha, cikin ƙasar Yarabawa, an daɗe ana fama da wata cuta mai zuwa da damina, wajen watan Yuli zuwa Satumba. Mutum ya ci abinci lafiya, an jima jikinsa ya ɗauki rawa, ya kāsa tsayawa, magana ta sarƙe. Likitoci sun rubuta labarinta tun 1958. A 1993 wani likita ɗan Nijeriya, Bola Adamolekun, ya nuna lokacin cutar ya zo daidai da lokacin da tsutsar Anaphe venata ke cika kasuwa, ana saye ana ci. A 2000 waɗansu masana na Japan suka sami wani sinadari cikin tsutsar mai rushe bitamin B1, wanda jijiyoyin jiki da ƙwaƙwalwa ba su aiki sai da shi, suka ga kuma yana jure zafi ƙwarai. Waɗanda abincinsu rogo ne galibi, bitamin ɗin dā ma kaɗan ne a jikinsu, su cutar ta fi kāmawa, in kuwa an ba su bitamin ɗin su kan warke. Tsutsotsin da a ke ci a Afirka iri iri ne, da yawansu abinci ne mai kyau. Da ba a iya rarrabe wannan daga sauran an kira ta da sunanta ba, da ba a san wadda za a gargaɗi mutane a kanta ba.

Abin da ya rage gare mu

Darasin nan ba ya bukatar kuɗi. Akwati, da tsumman gidan sauro, da takarda, da fensir sun isa. In mun kama aiki, mu sa yara su nemo gida guda, su rubuta ranar da aka samo shi, da sunan itacen da ya ke kai, da sunan da tsofaffin garin ke kiransa. Su sa 'yan tsinkaye cikin akwatin don ƙwaro ya sami wurin ratayewa. In ya fito su zana fiffiken gaba da na baya, su amsa tambayoyin nan uku, kāna a saki sauran a gindin itacen da aka ɗauko su.

Gargaɗi ɗaya: kada yaro ya taɓa tsutsar ko ya yage gidan da hannu tsirara. Gashinta yana nan cikin saƙar ko bayan ta rikiɗa, ƙaiƙayinsa kuwa ba wasa ba ne. Wanda ya kawo mana namu ya kwana biyu yana susar hannu da wuya. A jiƙa gidan da ruwa tukuna, a kuma kiyaye ido.

Muna roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman waɗanda garuruwansu ke kusa da kurmi, in sun tafi hutu su tambayi masu kaɗi da fataken zare sunayen tsamiya iri iri da su ke rarrabewa, da itacen ko wace. Wanda ya sami gida ya zo da shi. Akwatinmu yana nan ɗakin darasin halittu, mun kuwa bar wuri a littafin ajiya don zanen na gaba.